Bin Sawun Majinyaci Har Gida: Yadda Ake Auna Ingancin Jinya a Asibitocin Jiha

Duk wanda ya taɓa buɗe rajistar kwantar da marasa lafiya a babban asibiti ya san layin ƙarshe, can gefen dama, inda ake rubuta yadda aka rabu da mutum. Ɗayan huɗu ne: an sallame shi, an tura shi gaba, ya rasu, ko kuma 'yan'uwa sun sa hannu sun tafi da abinsu. Idan wata ya ƙare sai a ƙirga waɗanda suka rasu kaɗai, a raba da yawan waɗanda aka ba gado, a aika hedikwata. Da wannan lamba ake yabon wani asibiti, ake harar wani. Ni kuwa na daɗe da daina yarda da ita, domin a ƙofar asibiti take tsayawa, alhali a ƙasar nan da yawan waɗanda jinya ta gagara a gida suke cikawa. Da dangi sun ga jiki ya yi tsanani, ko aljihu ya ƙone, sai ka ji babban wa ya ce, "Likita, a ba mu shi, ma ci gaba da addu'a a gida." Bayan kwana biyu an kai shi makwanci, rajista kuma tana nan fes.

Wannan jagora ta ma'aikacin hukumar kula da asibitoci ce, ko na sashen tsare-tsare da ƙididdiga a ma'aikatar lafiya, ko shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, wanda ke son ya san haƙiƙanin abin da ke samun jama'ar yankinsa idan sun shiga hannun asibiti.

Kafin komai, a san girman abin da ake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan majinyaci ɗaya cikin goma na samun cutarwa daga jinyar kanta, ba daga ciwon da ya kawo shi ba. A wani bincike da aka buga a 2012, an duba fayil 15,548 a asibitoci 26 na ƙasashe takwas, ciki har da Sudan, Masar, Kenya da Yaman. An samu cutarwa a kashi 8.2 cikin 100, kuma kashi 83 cikin 100 na waɗannan da an so da an kauce musu. Saboda haka idan rahoton jiharka ya ce shekara guda ba a yi kuskure ko ɗaya ba, ba a duba ba ne.

Mataki na farko: tsayar da jama'ar da kake magana a kansu

Tambaya biyu ce daban, kuma ana yawan cakuɗa su. Ta farko: cikin waɗanda suka shigo asibiti, me ya same su? Ta biyu: cikin dukan mutanen yankin da suka buƙaci asibiti, me ya same su? Ta biyun ita ce aikinka. Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2018 ya nuna cewa haihuwa 39 kacal cikin 100 ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa ko biyu cikin goma ba ta kai ba. Wanda ya tsaya kan rajistar ɗakin haihuwa kaɗai ya bar mafi yawan mata a waje.

Don haka zana iyaka: ƙananan hukumomi nawa, mutum nawa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a 2006 aka yi ta, lambar da ke hannunka ƙiyasi ce, ka rubuta hakan ɓaro-ɓaro a saman rahoto. Daga nan ka fitar da abin da ake sa rai. A tsarin lafiya na ƙasar nan ana ɗaukar kashi 5 cikin 100 na jama'a a matsayin masu juna biyu a shekara, kuma ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya na sa ran kashi 15 cikin 100 nasu za su gamu da matsala mai buƙatar agajin gaggawa. A ce ƙaramar hukuma na da mutum 300,000: masu ciki 15,000 ke nan, masu matsala 2,250. Idan asibitocin yankin gaba ɗaya sun karɓi 400, ina sauran? Wannan tambayar ita ma sakamako ce.

Sannan ka jera duk inda ake kwantar da mutum ko ake yanka shi: babban asibiti, cibiyoyin lafiya na matakin farko masu gado, asibitin mishan, da asibitocin kuɗi. Na kuɗin su ne masu wuyar sha'ani, suna ganin kamar haraji ake nema, amma tiyatar haihuwa da yawa a can ake yin ta, kuma idan ta ɓaci a asibitin gwamnati take ƙarewa.

Mataki na biyu: zaɓi ma'auni kaɗan

Tun 1966 wani malami a Jami'ar Mishigan ta Amurka, Avedis Donabedian, ya kasa aunon jinya gida uku: kayan aiki, yadda ake aikin, da abin da ya fito a ƙarshe. Mu a nan mun fi ƙwarewa a na farko, a ƙirga gadaje da janareta da injin hoton ciki. Ɗauki kaɗan daga kowane, amma nauyin ya tafi kan na uku. Da ni ne, da waɗannan zan fara: mace-macen mata masu juna biyu da waɗanda suka tsallake rijiya da baya, jariran da aka haifa babu rai, a rarrabe wanda ya mutu lokacin naƙuda da wanda ya daɗe da mutuwa a ciki, mutuwa bayan tiyata cikin kwana 30, ɗinkin da ya yi ruwa, mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka kwantar, da yawan waɗanda aka sa hannu aka fitar. A ɓangaren yadda ake aiki, ƙara abu biyu: tazarar da ke tsakanin yanke shawarar tiyatar gaggawa da sa wuƙa, da tazarar da ke tsakanin neman jini da ɗaura leda.

Kowane ma'auni a rubuta masa ma'ana a takarda guda, a liƙa a bangon kowane ɗaki. Mutuwar mai juna biyu ita ce wadda ta auku tana da ciki, ko cikin kwana 42 bayan cikin ya ƙare, ko ta haihuwa ko ta ɓari, sanadiyyar cikin ko yadda aka kula da shi. Wannan ya zo mana da sauƙi: ka ce wa kowa "kafin ta yi arba'in", ya gane. Cutar da aka ɗauka a asibiti kuwa ita ce wadda ta bayyana bayan awa 48 da kwantarwa, ba da ita aka zo ba.

Mataki na uku: gyara rajista kafin ka yarda da ita

Asibitoci na tura alƙaluman wata-wata zuwa DHIS2, manhajar da gwamnati ke tara alƙaluman lafiya a cikinta, amma abin da ke ciki jimla ce, ba ta nuna mutum ɗaya-ɗaya. Ka je da ƙafarka. Zaɓi wata guda, ka ƙirga mace-mace a rajistar ɗakin kwanciya, ka gwada da littafin miƙa aiki na nas-nas, ka gwada da abin da aka tura sama. Na taɓa yin haka a wani asibiti, lambobin uku ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Ba wanda ya yi niyyar ha'inci. Wanda ya rasu a ɗakin karɓar gaggawa kafin a buɗe masa fayil ba ya shiga rajista, wanda ya cika da tsakar dare kuma dangi sun tafi da shi kafin asuba don a yi jana'iza da hantsi, fayil ɗinsa na nan a ƙarƙashin wasu takardu. Littafin nas-nas, mai bangon da aka liƙe da filasta, shi ya fi kowanne gaskiya.

Abu uku za ka sa a ƙara wa rajista. Lokacin isowa da lokacin rasuwa, da awa, ba kwanan wata kaɗai ba. Inda aka turo mutum daga. Da lambar waya biyu, ta mai jinya da ta wani a gidan, da sunan unguwa da na mai unguwa.

Mataki na huɗu: bi sawu

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gudu. Fiye da shekara ɗari da suka wuce wani likitan tiyata a Boston, Ernest Codman, ya dage sai an bi kowane majinyaci har a ga ƙarshen aikin da aka yi masa, a rubuta, a faɗa. Abokan aikinsa ba su gode masa ba. Amma dabarar tasa ta fi dacewa da mu fiye da su.

Ba kowa za a bi ba, ƙarfi ba zai kai ba. Bi rukuni huɗu: duk wanda aka sa hannu aka fitar, duk wanda aka tura gaba, duk wanda aka yi wa babbar tiyata, da duk matar da ta sha wuya a haihuwa. A kira a kwana na 30, mai jego kuma a kwana na 42. Tun ranar sallama za a nemi izini, a ce, "Baba, za mu bugo mu ji ya jiki, ba damuwa?" Ba a taɓa ce mini a'a ba.

Wanda zai yi kiran ya zama mai ladabi, mace ga mata. Ba a buɗe baki da "Yana raye?" Sai an gaisa, an ambaci asibitin, sannan, "Ya mai jiki?" Amsar za ta faɗa maka komai. Idan aka ce "Ai jiki da sauƙi, har ya koma kasuwa," sai a tambayi ɗinki, zazzaɓi, ko an koma wani asibiti ko kemis. Idan aka yi shiru aka ce "Ai Allah ya yi masa rasuwa," a ajiye biro tukuna, a yi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan a nemi izinin tambaya: wace rana, a ina, me aka gani kafin nan. Sau da yawa amsar farko ita ce "Kwana ne ya ƙare." Kada a ja da wannan, gaskiya ce. A ce, "Haka ne, Hajiya, Allah ya jiƙan sa. Muna so ne mu ji yadda abin ya faru don mu gyara wa na baya." Daga nan labari kan fito daki-daki, har da awa huɗun da aka yi ana neman jini, wanda babu shi a fayil.

Wayar da ba ta shiga ba sau uku a ranaku daban-daban, a miƙa sunan ga ma'aikacin lafiya na gundumar ya leƙa. Wanda aka rasa gaba ɗaya a rubuta "ba a same shi ba". Kada a sa shi cikin rayayyu, wannan kuskure ne da ke wanke kowane asibiti.

Waɗanda ba su zo asibiti ba sam, sai an haɗa da gari. Rajistar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya ba ta kama mafi yawan mace-mace, amma babu wanda ake binnewa ba da sanin liman da mai unguwa ba. Mata masu wankan gawa da ungozomar gargajiya sun san wace ce ta tafi da ciki, wace ce ta tafi a jego. Tsarin bibiyar mutuwar mata masu juna biyu da jarirai, MPDSR, wanda Najeriya ta runguma, ya tanadi a sanar da mutuwar asibiti cikin awa 24, ta gida cikin awa 48. Ka ɗora aikinka a kansa, kada ka gina sabo. A kula da kunya wajen tambaya: mace kan tsallake ɗan fari idan tana lissafin 'ya'yanta, kuma ba kasafai take sa wanda bai zo da rai ba. Sai an tambayi kowane ciki daban.

Mataki na biyar: tona fayiloli

Mutuwa kaɗai ba ta isa awo ba, yawancin cutarwa ba ta kisa. Kada ka dogara da akwatin kai rahoton kuskure: a inda aka gwada a Amurka, duba fayil ya gano aƙalla ninki goma na abin da ma'aikata suka kawo da kansu. Ɗakin da ya fi kawo rahoto ma galibi shi ne mai shugaba nagari, ba mai yawan ɓarna ba.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda IHI, wata cibiyar inganta jinya a Amurka, ta tsara: fayil 20 a wata daga kowane asibiti, a zaɓa da ƙuri'a, ba wanda shugaban asibiti ya miƙo ba. Nas biyu su duba kowanne daban, kada a wuce minti 20 a kan fayil, ba karatu ake ba, alamu ake farauta. An mayar da mutum ɗakin tiyata? An yi ƙarin jinin da ba a shirya ba? An tsayar da magani kwatsam? Zazzaɓi ya taso bayan kwana biyu? Gyambon kwanciya, faɗuwa daga gado, kumburin hannu a gurbin ƙarin ruwa, dawowa cikin wata guda? Inda alama ta fito, likita ya duba ya yanke: cutarwa ce daga jinya ko ciwon ne ya ci gaba, kuma ya girmanta. Ƙirga kuma fayilolin da aka nema aka rasa, da waɗanda ba a rubuta komai a ciki ba. Idan cikin 20 an rasa shida, ka riga ka sami abin faɗa.

Ga mata, ƙara da waɗanda suka kusa tafiya suka dawo: mai jijjiga da ta suma, mai zubar jinin da aka ƙara wa leda biyar ko fiye, wadda aka cire wa mahaifa don ceton rai. Binciken da aka yi a manyan asibitoci 42 na Najeriya tsakanin 2012 da 2013 ya ƙirga mata 998 da suka rasu da 1,451 da suka sha da ƙyar. Kwatanta lambobin nan biyu shi ne awon da na fi so: cikin waɗanda suka kai bakin mutuwa, nawa asibiti ya iya janyowa? Kuma waɗanda suka sha ɗin suna da bakin ba da labari.

Mataki na shida: kwatanta da adalci

A ce asibiti na ɗaya ya kwantar da mutum 1,000, 60 sun rasu. Na biyu ma 1,000, 20 sun rasu. Kwamishina zai ce a kirawo shugaban na ɗaya. A dakata. A ce a faɗin jihar, cikin masu zuwa da gaggawa 8 cikin 100 ke rasuwa, cikin masu zuwa da shiri 1 cikin 100. Na ɗaya ya karɓi gaggawa 700 da na shiri 300, abin da ake sa rai shi ne 56 da 3, wato 59. Ya samu 60, daidai da sauran jiha. Na biyu ya karɓi gaggawa 100 da na shiri 900, ana sa ran 8 da 9, wato 17. Ya samu 20. Kafin ma a ƙara waɗanda ya tura gaba suna numfashi sama-sama suka cika a gadon na ɗaya.

Wannan lissafi, abin da aka gani a raba da abin da ake sa rai, shi ne ginshiƙin kwatance, kuma biro da takarda sun isa. Rarraba da shekaru, da gaggawa ko shiri, da turowa aka yi ko daga gida. Ware waɗanda suka rasu cikin awa 24 na farko: galibi labarin hanya ne da jinkirin gida da asibitin da ya riƙe su, waɗanda suka wuce haka kuwa labarin ɗakin kwanciya ne. Amma kada warewar ta zama mafaka. Mutuwar awa shida bayan isowa saboda babu mai buɗe ɗakin ajiyar jini ta asibitin ce.

A yi hattara da ƙananan lambobi. Asibitin da ya yi tiyata 50 ba mutuwa bai tabbatar da komai ba tukuna. Akwai ƙa'idar uku: raba 3 da yawan aikin, ka sami iyakar da haɗarin zai iya kaiwa, a nan 6 cikin 100. Tara na shekara guda ko biyu kafin ka yi hukunci, kuma ka fi kallon yadda asibiti ke tafiya wata bayan wata fiye da jera su na ɗaya zuwa na ƙarshe.

Don samun abin jingina, binciken sakamakon tiyata na Afirka da aka buga a 2018 ya bi mutum 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashe 25. Kusan ɗaya cikin biyar ya samu matsala bayan aiki, kashi 2.1 cikin 100 sun rasu, ninki biyu na matsakaicin duniya, duk da cewa majinyatan sun fi ƙuruciya da ƙarancin cututtuka. Kusan dukansu bayan an fito da su daga ɗakin tiyata suka rasu, a ɗakin kwanciya, inda nas ɗaya ke tsaron gadaje masu yawa da dare. Saboda haka ka ƙara ma'auni ɗaya: cikin waɗanda suka samu matsala, nawa suka rasu? Shi ke nuna ko ana lura da mutum idan ya fara sulalewa.

Mataki na bakwai: zaman bita da mayar da labari

Kowane wata a zauna a asibitin, ba a otal ba. A cire sunan majinyaci da na ma'aikaci daga takarda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 duk sun wajabta sirri, kuma littafin lambobin waya a kulle yake kwana. A sa mai ɗakin gwaji da mai magani da direban motar asibiti a zaman, sun san abin da likita bai sani ba. Ranar da aka ba wata nas takardar tuhuma saboda abin da ta faɗa a wannan zama, daga ranar alƙalumanka za su yi kyau, kuma ba za su ƙara amfani ba. Sakaci na ganganci yana da nasa kwamitin, a can za a kai shi.

Kowace mutuwa da aka duba ta fita da aiki ɗaya, da sunan muƙamin da zai yi shi, da ranar gamawa, kuma da shi za a buɗe zama na gaba. Rahoton da ke zuwa sama kada ya wuce shafi biyu: lambobin jiha, na kowane asibiti da aka daidaita, kashi nawa aka samu a waya, fayil nawa suka ɓata. Kwafi ɗaya ya koma ɗakin da aka ɗebo lambobin, ɗaya ya je wa kwamitin ci gaban gunduma da hakimi, da Hausa, domin su ne za su nemo motar dare da masu ba da jini.

Idan ba ka da kuɗin yin duka, fara da asibiti uku da rukuni ɗaya, waɗanda aka sa hannu aka fitar. Sayi katin waya, ba wa nas guda yammacin Alhamis, ta kira na watan da ya wuce. Lambar da ta samo, ka rubuta ta da jan biro a gefen wadda aka tura hedikwata.